Yadda Rage Hanya Ya Kusa Kwantar da Abokina

Shekarar da na dawo Jos na zauna gaba ɗaya, bayan na gaji da ɗakunan haya a ƙasashen mutane, ita ce shekarar da aka gano cewa mutanen unguwarmu ba sa motsa jiki. Ban san wanda ya gano ba. Na dai tuna wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, kowa yana rataye da tasa a wuya kamar laya. Takarda ce ta zo wa mai unguwa daga sashen lafiya, wai a kafa kwamiti da zai koya wa jama'a abu uku: tafiya a ƙasa, cin ganye, da barin taba. Matan da ke hawo tudun Gada Biyu da buhun gawayi a ka tun da sassafe ba a gayyace su taron ba, don haka har yau ba su san cewa ba sa motsa jiki ba.

Ni an saka ni a kwamitin ne saboda an ce na ga duniya. Na yi shekaru ina sayen fatu da ƙiraga wa wani kamfani, aikin ya zaunar da ni Khartum da Iskandariyya da Abijan, ya kuma kai ni Jamus sau da yawa. "Malam ya zauna da Turawa, ya san yadda suke tafiya," in ji mai unguwa, sai ka ce da wata ƙafa ta uku suke yi.

An ƙaddamar da mu a wani otal a Rayfield, unguwar masu hali. Manyan baƙi suka zo a motoci, aka buɗe musu ƙofa a bakin rumfa, suka yi jawabi kan amfanin tafiya a ƙasa, aka raba riguna masu gajeren hannu da hulunan hana-salla, aka ci soyayyar kaza. Daga ranar, cikin mu bakwai mutum ɗaya ce ta yi aiki. Tsohuwar nas ce, 'yar ƙabilar Ibo, haifaffiyar Jos, wadda iyalinta ke da kemis a kwanar layinmu. Kowa Sista yake ce mata. Kowace Asabar takan fito da benci gaban shagon, ta ciro abin awon jini daga cikin wani tsohon gwangwanin biskit, ta auna duk wanda ya miƙo hannu, kyauta, ta haɗa masa da faɗa.

Ina da aboki tun muna yara. Haƙar kuza ce ta kawo mahaifinsa Jos, shi kuma ya fara da karen mota, ya zama direba, ya zama mai manyan motoci da ke kwasar kabeji da karas da dankalin turawa zuwa Kudu. A tashar Laranto rabin direbobi a hannunsa suka koyi riƙe sitiyari. Manyansu na ce masa Oga, ƙananan na ce masa Baba. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, taba kuwa tun yana kwana a kan kaya yake shan ta. Ya shekara talatin yana kai wa mutanen Kudu lafiya a bayan mota, bai taɓa ɗanɗana ta ba. Ganye, a wurinsa, haƙƙin akuya ne, kuma shi ba ya cin haƙƙin kowa.

Wata safiya ya shigo gidana ba sallamar kirki, ya zauna, ya ce hannunsa na hagu ya yi masa nauyi tun asuba. Na dube shi na ga gefen bakinsa ya ɗan karkace. Ta ƙofar baya na kai shi wurin Sista, don ya rantse ba zai hau bencin nan a bainar jama'a ba. Tana aunawa ta rufe gwangwaninta, ta ce mu tashi sai asibiti. Likita bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce wannan gargaɗi ne. Ga magani, a bar taba, a rage gishiri da mai, a yi tafiya a ƙasa kullum har sai an yi gumi. In ba haka ba, na biyun in ya zo, zai shanye masa ɓarin jiki.

Abokina ya san abin da ake nufi. Yayansa ya yi shekara huɗu a kwance a ɗaki ɗaya cikin gidansu, 'ya'yansa na juya shi suna wanke shi. A hanyarmu ta dawowa ya ce, "Malam, ni mutuwa ba ta dame ni ba. Fo nake tsoro. A ce ɗana ne zai riƙa turo mini fo in yi bayan gida a kwance."

"To sai ka yi tafiyar."

"Zan yi. Amma ko mutum ɗaya a tasha ya ji, na san kai ne."

"Ciwo laifi ne?"

"Ba ka san direbobi ba. Ranar da suka ji, za su fara yi mini magana a hankali kamar mai jego. Gara su zage ni."

Washegari bayan sallar asuba muka fito, cikin sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, shi da babbar riga da rawani a wuya, ni da tsohuwar kwat ɗina. Niyyarmu mu kai gada mu dawo. Ba mu wuce gida na shida ba wata tasi ta ci burki a gefenmu.

"Oga, lafiya? Ina motar?"

"Tana gida."

"Ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau."

"To bismilla, shigo in rage muku hanya."

"Nan kusa za mu."

"Ai kusan ya fi sauƙin kaiwa, Oga."

Kafin mu ce wani abu ya fito, ya sauke fasinjan da ke gaba ya cusa shi baya, ya goge kujerar da hularsa. Abokina ya ce a bar shi, ya gode. Sai fuskar direban ta canza. "Oga, wani laifi na yi? In an kawo maka maganata ne, ka faɗa mini a gaban Malam." A garinmu mai mota ba ya wuce dattijon da ya sani yana tafe a ƙasa, in ya wuce an yi ta maganarsa har gidan surukansa. Dattijon kuma in ya ƙi shiga, ya nuna akwai wata a ƙasa tsakaninsu ke nan. Haka muka shiga. Da ya tambayi inda za mu, abokina ya ce kasuwar Terminus, don ita ta fara zuwa bakinsa. Ƙarfe shida da rabi muna tsaye a Terminus ba abin da ya kai mu. Muka zauna wurin mai shayi, ya sha mai kauri da burodi da wainar ƙwai huɗu don huce haushi, ya kunna taba. Wani direban ya gan mu ya mai da mu gida.

Kwana na biyu muka bi lungu. Lungu kuwa na 'yan acaba ne. Ɗaya ya kashe injin ya riƙa tura babur ɗin a gefenmu, wai ba zai iya hawa ba Baba yana ƙasa. Kafin mu fita lungun sun zama uku, muna tafe suna tafe, mata na leƙowa ta katanga suna tambayar wa aka kama. A kwana na huɗu tawagar direbobi ta zo har gida bayan la'asar. Suka daɗe suna gaisuwa, sannan babbansu ya sunkuyar da kai ya ce sun ji Oga ya fara yawo a ƙasa, in wani abu ne ya samu motocin, su ba baƙi ba ne. Da za su tafi ɗaya ya ajiye makullin motarsa a kan tabarma, ya yi kamar ya manta.

Ni dai na ga tsofaffi suna tafiya a wurare da yawa. A Iskandariyya da yamma sukan fito bakin teku, hannu a baya da carbi, ba mai ce musu ina za ku, don tekun ya riga ya amsa. A Abijan na ga masu kuɗi suna zagaye fili da fararen takalma, takalman ne shaidar cewa ba rashi ya sa su ba. A Jamus kuwa maƙwabcina, tsoho ne da ya haura tamanin, sau biyu a rana yake fita, ruwa ko ƙanƙara, kuma bai taɓa cewa don lafiyarsa yake yi ba. Kare yake fitarwa. Da na yi tunani sai na ga ko'ina mutum ba ya tafiya haka kawai, sai da hujja a hannu. Na faɗa wa abokina haka, na kawo masa misalin karen.

Ya harare ni. "Ni, da aikin hajji biyu, in ja kare a igiya a Laranto? Wannan ne abin da ka koyo a shekara talatin?"

Takardar da aka ba kwamitinmu tana ɗauke da taswirar inda ya kamata jama'a su riƙa zagayawa. Wanda ya zana ta bai taɓa kwana a Jos ba. Bayan rigingimun da garin ya gani, akwai titin da mai hula irin tamu ba ya yawon shan iska a cikinsa, akwai kuma wanda Sista ba ta bi, ko da a nan aka yanke mata cibiya. Taswirar ta ratsa duka biyun da jan layi mai kyau. Inda ya rage mana mu taka lafiya shi ne inda kowa ya san Oga.

Sai na kawo shawarar Rayfield, inda ba wanda ya san shi. Muka shiga mota muka tafi neman wurin tafiya a ƙasa. Muka ajiye ta a gindin wata bishiya, muka kama titi mai inuwa, gidaje sun ja baya cikin furanni. Minti goma na farko abin ya yi daɗi. Daga nan wani maigadi ya fito ya tambayi wa muke nema. Muka ce ba kowa. Ya bi bayanmu da sandarsa har iyakar katangar gidansu, ya miƙa mu ga maigadi na gaba. Wani Bature ya wuce mu a guje da gajeren wando, cinya a waje, masu gadin suka sara masa. Can wata hajiya a babbar mota ta rage gudu, ta sauke gilashi kaɗan, ta miƙo wa abokina sadaka, ta ce a saka ta a addu'a. Ya karɓa, don hannunsa ya riga hankalinsa miƙewa. Na yi dariya har na zauna a bakin kwalbati. Bai yi mini magana ba sai bayan kwana biyu, kuma Rayfield ba mu sake komawa ba.

Wata guda ya wuce a haka. Sista takan auna shi a ɗakin ajiyar magani, ƙofa a rufe. "Alhaji, jini ɗin yana nan inda na bar shi. Kana so ka kwanta ne? In kana so, faɗa mini, ina da katifa na roba, zan ajiye maka." Ya ce yana ƙoƙari. Ta ce ƙoƙarinsa warin taba yake yi. A makon nan hannun ya sake yi masa nauyi na rabin yini. Na same shi a zaure yana matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana kallon ƙofar ɗakin da yayansa ya kwanta.

Ana cikin haka wani mai faci a bakin titinmu ya rasu. Talaka ne, ba wanda ya kawo mota. Aka yi masa salla a ƙofar gida da hantsi, aka ɗauki makara a kafaɗa aka nufi maƙabartar hanyar Zariya. Wanda ya taɓa bin gawa a ƙasa ya san ba a yin ta da yanga. Sauri ake yi, ana karɓa-karɓa, mai jan ƙafa sai ya tsinci kansa shi kaɗai a baya. Ga hanyar da hawa. Abokina yana huci kamar tsohuwar tirela a kan tudu, amma bai tsaya ba. Motoci na ganinmu suna rage gudu suna ba da hanya, direbobi na ɗaga hannu. Da aka gama muka juyo cikin jama'a, rigarsa ta jiƙe har baya. Ya matso kusa da ni.

"Malam, ka lura?"

"Da me?"

"Ko hon ba a yi mini ba."

Daga ranar ya samu hujjarsa. Ya bi ladanan masallatan Laranto da Gada Biyu da kewaye ɗaya bayan ɗaya, ya ba su lambarsa, ya ce duk rasuwar da aka yi a yi masa filashin, shi zai kira. Nan da nan ya gane cewa jana'izar mai hali ba ta da amfani a wurinsa, don a motoci ake zuwa, gawar ma a mota take. Sai ya riƙa aika ta'aziyya gidajen manya, shi kuma ya bi gawar masu dako da masu wankin hula da tsofaffin da ba a san danginsu ba. Gari ya ɗauka. Aka ce Oga ya saki duniya. Wani malami ya kawo shi misali a wa'azi, wai ga mai arziki da ba ya raina gawar talaka. Ina zaune kusa da shi a sahu, ya sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, ni kuma na kalli silin.

Taba ta ragu da kanta, don ba a kunna ta a bayan makara, ba a kunna ta a maƙabarta, mutumin da aka yi wa'azi da sunansa kuma ba ya tsayawa gaban mai tireda ya ce a ba shi kara biyu. Zaman makoki ne ya so ya ɓata lissafin, saboda shinkafa da mai da ake fitowa da ita, sai ya koyi yin addu'a a tsaye ya wuce. A gida maiɗakinsa, wadda ita kaɗai ta san gaskiya bayan ni da Sista, ta fara yanka masa kabeji a gefen tuwon acca. Yana ci yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da likita.

Na taɓa tambayarsa ko abin bai dame shi ba. Na ce, "Alhaji, mutane na zaton lada kake nema."

"Ina nema mana. Niyyata biyu ce, kuma Wanda nake yi dominSa ya san duka biyun. Kai da kake bina, taka nawa ce?"

Na ja wandona sama, don ni ma ya fara yi mini yawa. Kuma gaskiya, daga baya na ga yana tsayawa wurin masu haƙar kabari yana tambayar iyalinsu, ya san wace gawa ce ba ta da mai zuwa mata. Amma halinsa na nan. Wani mako da aka yi kwana biyar ba filashin, na same shi yana jujjuya wayar yana duba ko ta lalace. "Garin nan an daina mutuwa ne?" ya ce. "Ko kwamitin naku ne ya fara aiki?"

Kwamitin namu kuwa tun ranar da riguna suka ƙare bai sake zama ba. Sista ce kawai da bencinta. Ranar da ta auna shi bayan wata uku, sai da ta sake ɗaura abin ta auna karo na biyu. "Alhaji, jini ya sauka. Me kana yi?" Ya ce ibada. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ya ci gaba da ibada ɗin, kada ya fasa ko na rana ɗaya.

Abin da ya rushe tsarin alheri ne, kamar kullum. Zaɓe ya matso, wani mai neman kujera ya ji tausayin yadda talakawa ke wahalar ɗaukar gawa a kafaɗa. Ya sayo motar ɗaukar gawa da doguwar bas ta masu rakiya, ya ba masallatan yankin su yi amfani da su tare. An manna hotonsa a jikin duka biyun, yana murmushi.

Ranar da aka fara amfani da su, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ce ta rasu. Aka idar da salla, aka saka makara a mota, jama'a suka cika bas. Kujerar gaba kuwa ba wanda ya taɓa ta. Ta wa za ta zama in ba ta mutumin da bai taɓa rasa jana'izar talaka ba? Direban bas ɗin, wanda shi ma tsohon yaronsa ne, ya buɗe ƙofa ya tsaya. Liman ya ce, "Bismilla, Alhaji. Yau Allah ya hutar da ƙafarka."

Abokina ya tsaya a bakin ƙofar. Inji na aiki, gawa na jira, mutum sittin na kallonsa ta taga. Na ga yana murza yatsun hannunsa na hagu. Na san abin da yake aunawa: in ya hau yau, ya hau ke nan kullum.

"Ni ba zan shiga ba," ya ce.

"Subhanallahi, Alhaji, wani abu aka yi?"

"Ba a yi komai ba. Ba ni da lafiya ne. Hawan jini gare ni, ya taɓa ni sau ɗaya. Likita ya ce in yi tafiya a ƙasa kullum ko in shanye kamar yayana. Ku tafi, kada ku tsai da baiwar Allah. Zan same ku a can."

Ina jiran a fara yi masa maganar nan a hankali da yake gudu. Sai direban ya rufe ƙofar da ƙarfi. "Haba Oga. Shi ne ba ka faɗa ba? Mu muna ta ɗaukarka, ashe kashe ka muke yi?" Ya zagaya ya shiga, ya leƙo ta taga. "To ka ɗaga ƙafa, kada a rufe kafin ka iso."

Kafin magariba labarin ya gama tashar Laranto, kafin Juma'a ya kai 'yan acaba. Yadda a da ba mai iya wuce shi, haka yanzu ba mai yarda ya ɗauke shi. Direbansa na gida ma ya fara ɓoye makulli. Ya yi shekaru bayan haka da ƙafafunsa da hannuwansa duka suna aiki, kuma ban taɓa jin ya gode wa kowa ba.

Wata rana da damina muna dawowa daga kasuwa da yamma, ruwa ya tsuge irin na Jos, har da ƙanƙara. Ba mu da lema, ga shi da leda biyu a hannu. Ya ɗaga wa wata tasi hannu. Direban ya rage gudu, ya gane shi, ya sauke gilashi.

"Sannu da ƙoƙari, Oga."

"Buɗe mini, ruwa ake yi."

"Likita ya hana, Oga."

"Likitan ya ce har cikin ruwa?"

"Ni dai ba da hannuna ba. Malam, kai shigo in rage maka hanya."

Na dubi abokina, na dubi kujerar, busasshiya. Na shiga. Ta madubi ina hango shi yana tafe a bakin titi, ledoji na lilo, bakinsa na motsi. Direban ya tambaye ni ko addu'a Oga yake yi. Na ce masa ya ƙara wuta.